Matar Da Ta Ce A Kife

Duk wanda ya san bakin ruwan Yawuri ya san akwai kalmar da ba a faɗa cikin jirgi. Ka yi surutun da ka ga dama, ka zagi direba ma in kana da ƙarfin hali, amma kada bakinka ya kuskura ya ce "kife". Jirgi ne ke kifewa, kuma da wuya ka sami gida a gaɓar nan da ruwa bai ci masa mutum ba. To, wannan kalmar ce Zulai'atu ta ɗauka ta raɗa wa kamfaninta, kuma ba ta ba kowa haƙuri ba.

An haife ta a wani tsibiri da ruwan Kainji ya haɗiye tana yarinya. A Yelwa ta girma, a gindin bandar kifin innarta, hayaƙi ya rina mata idanu tun da wuri. Gajeruwa ce, muryarta ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato, motocin masu sayen busasshen kifi daga Kudu suka ƙaru, ita kuwa ta ce ta gaji da yi wa dillalai banda suna zubar mata da mutunci.

Zubar da mutuncin nan kowa ya san shi, kowa kuma yana yi. A jera manyan tarwaɗa a saman kwando suna sheƙi, a cusa gutsattsari da ƙonanne da wanda bai gama bushewa ba a ƙasa. Mai saye sai ya isa garinsu zai gane an yi masa sakiyar da ba ruwa. Zulai'atu ta tsani wannan abu har cikin ranta. Dokar kamfaninta guda ce tak: ƙasan kwando ya zama daidai da samansa. A kasuwa kuwa, kafin a yi ciniki, sai ta shimfiɗa tabarma ta ce a kife kwandon gaban mai saye. A bakinta na mutuniyar Yawuri "kihe" yake fita, shi ya sa ake ce wa kamfanin A-Kihe.

Kamfani ne da ba ofis, ba allo, ba waya. Ma'aikatan a warwatse suke a gefen ruwa. Akwai Dudu da matan gidansu a Warra, akwai Asabe a wajen Shanga, akwai kuma Yohanna, wani Bakambare a ƙauyen da ke bayan Ngaski, wanda sau ɗaya ta taɓa ganin fuskarsa. Yadda take ɗaukar mutum aiki ma abin dariya ne. Takan je har bandarsa, ta ci abincin gidan, ta ce ya shirya mata kwando, sannan ta ce a kife. Wanda hannunsa ya yi saurin kai wa kwandon don ya gyara wani abu, sai ta yi masa godiya ta kama hanya. Wanda ya tsaya ya bar ta ta kife, ya sami aiki. Takan gaya masa kifi yana karyewa a hannun kowa, wannan ba abin kunya ba ne, a ware shi daban a kira shi da sunansa. Ɓoyewa ce ba ta yafewa.

Kowane ma'aikaci da irin ƙullin da yake yi wa igiyar kwandonsa, ta haka take gane aikin kowa. Saƙo kuwa Sa'idu direban jirgi ke kaiwa. Duk ranar kasuwa sai ta ce masa, "Ka hwaɗa ma Dudu an kihe nata, hannunta ya yi kyau." Sa'idu yakan ɓata fuska ya riƙe saƙon a cikinsa har ya tsallake ruwa, sai ƙafarsa ta taka tudu yake yarda ya furta.

Ba a jima ba masu saye suka fara tsayawa gaban wasu 'yan kasuwa suna cewa su ma a kife. Nan aka taɓo Alhaji Basiru, babban dillalin kifi, mutumin da ya yi ƙiba da ƙasan kwando. Da damina ta yi nisa, itace ya jiƙe, banda ta yi wuya, sai ya baza magana cewa Yohanna ya fara cushe, ai mutumin da ba a gani ba a ba shi amana.

Maganar ta iso gida a bakin Lawali, ƙanen Zulai'atu, wanda ke kula da bandar da ke cikin gidanta na Yelwa. Ranar da kwanduna suka iso, ya same ta a zaure.

"Yaya, mutanen ga da ba ki gani, ƙaƙa za ki san abin da sunka yi? Bari mu buɗe na Yohanna nan gida. In da ɓarna mu gyara, ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

"In na buɗe a ɓoye, na ce mai ɓarawo ke nan," in ji ta. "Ni ko ban ɗauki ɓarawo aiki ba."

"In anka kihe gaban mutane anka iske cushe hwa? Sunanki ya tahi."

"Shi tahi. Kasuwa za a kihe shi, kamar kullum."

Kada a ɗauka ba ta ji tsoro ba. Ta ji ƙwarai. Amma ta san ranar da ta fara leƙen kwandon mutanenta a ɓoye, ranar kamfanin ya mutu, ko da ana ci gaba da loda kifi.

Washegari rumfarta ta cika, har waɗanda ba su da niyyar sayen ko kan kifi sun zo kallo. Alhaji Basiru ya sa aka kawo masa benci. Aka kife kwandon farko, lafiya lau. Aka kife na biyu, haka. Da aka ɗaga kwando na uku, sai ga gutsattsari da ƙonannen kifi sun yi tsiri a kan tabarma, wari ya tashi.

"To, ga aikin Yohanna nan," in ji Alhaji Basiru, yana murmushi yana duban jama'a. "Mun hwaɗi, anka ce hassada ce."

Zulai'atu ta sunkuya ta ɗauki igiyar. Mutum uku ne kawai a wurin suka san karatun ƙulli: ita, da Sa'idu, da Lawali. Ƙullin nan ba na Yohanna ba ne. Ta dubi ƙanenta, ya sunkuyar da kai. Da ta yi shiru, da shi ke nan. Yohanna yana can bayan Ngaski, ba zai ji ba sai an gama yanke masa hukunci, kuma kasuwa a shirye take ta yarda. Sai a ce an kori baƙo, gida ya tsira.

Ta ɗaga igiyar sama yadda na baya za su gani.

"Wanga ƙullin gidana ne," ta ce, da muryar nan tata. "Bandar da nike gani da idona kullum sahe, ita ta yi wanga aiki. Na Yohanna ga shi can, ba a taɓa ba. Lawali, ɗauko shi ka kihe da hannunka."

Lawali ya ɗauko ya kife. Kifin bai cika kwandon ba, don itace ya yi wa Yohanna wuya, amma abin da ya aiko, ƙasa da sama duk ɗaya ne.

Wannan bai hana ta shan kunya ba. Babban mai sayen da ya zo daga Kudu ya kakkaɓe rigarsa ya wuce wata rumfa. Yaran dillalai suka bi ta da waƙar A-Kihe ta kihe. Ba ta kori Lawali ba, amma ta sa shi ya zauna a kan tabarmar nan ya tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, kasuwa tana kallo. Da Sa'idu zai tashi, ta ce masa, "Ka hwaɗa musu duka abin da ya hwaru. Kak ka rage komi, kak ka gyara mini."

Kasuwa ta zagayo. Jirgin Sa'idu ya iso, aka sauke kwandunan Warra da na Shanga da na Ngaski aka jera a rumfa. Zulai'atu ta kai hannu ga igiyar farko, ta tsaya. Ta duba ta biyu, ta duba ta uku. Babu ƙullin Dudu, babu na Asabe, babu na Yohanna. Duk ƙullin gidanta suka yi.

"Su sunka aika ma juna saƙo sunka shirya haka," in ji Sa'idu. "Yohanna ya ce in kunya ce, a ɗaure ta da igiya guda."

Zulai'atu ta ja bakin mayafinta ta goge idanu, ta ce hayaƙi ne, alhali babu wuta ko ɗaya a kusa. Lawali ya matso yana raɗa.

"Yaya, yanzu in wani ya yi cushe, ƙaƙa za ki san ko wane ne?"

Ta dubi Alhaji Basiru, wanda ya riga ya zauna a kan bencinsa, ta shimfiɗa tabarma.

"Ɗauko wanda ka ga dama," ta ce. "A kihe."