Ɗaya Na Motsi, Ɗaya Ya Yi Shiru

Cikin yana wata shida malamar awo ta ƙaramin asibitinmu na Doguwa ta ce girmansa ya wuce watanninsa, in je Tudun Wada a yi mini hoto. Can likita ya nuna mini allon na'ura ya ce 'yan biyu ne. Ni ban ga komai ba sai duhu da fari-fari, amma na yarda. Kafin mu iso gida mijina ya gaya wa mutum uku a hanya.

Ana tsakiyar girbin masara na ji motsin ya canza. Na ɓangaren hagu shi ne mai fitina, ko ruwan sanyi na sha sai ya harba. Sai ya yi shiru, na dama kawai ke juyi. Kwana biyu ban faɗa wa kowa ba. Aiki ya yi wa mijina yawa a gona, ni kuma ina ce wa kaina ai barci yake.

Rana ta uku surukata ta same ni zaune bakin murhu, hannuna a ciki, wuta ta mutu.

"Ke, lafiya?"

"Inna, ɗayan ba ya motsi."

Ta ɗauki mayafinta ta tafi gona da kanta ta kira ɗanta.

Da muka koma Tudun Wada, likitan ya shafa mini maganin nan mai sanyi, ya daɗe yana yawo da na'urar a hagu. Ya koma dama, muka ji bugun zuciya da sauri-sauri. Ya sake komawa hagu. Daga nan ya ce a shigo da maigidana.

"Malam, sai haƙuri. Macen tana nan lafiya. Namijin Allah ya karɓi abinsa."

Mijina ya yi salati, ya ce, "To likita, ciro shi za a yi?"

"A'a. In muka taɓa yanzu, mai ran ba ta yi ƙwari ba. Kowanne da mabiyiyarsa, wannan ya taimake ta. Za a bar su tare, amma duk mako ku zo."

Haka na yi mako bakwai ɗauke da su biyun. Duk Talata mu hau babur, a ɗaura mini ɗamara a ciki a saurari zuciyarta, wani lokaci a ɗebi jinina. A gida kuma in na ci abinci sai in kwanta ta hagu in ƙirga motsinta, yadda aka koya mini. Maƙwabta ba su sani ba. Su leƙo su ce, "Sannu uwar biyu," in amsa.

Sau ɗaya na tambayi likitan ko da na zo tun ranar farko da an cece shi. Ya ajiye biro ya ce, "Mai yiwuwa da bai canza komai ba. Amma ba zan ce miki na sani ba." Na so ya yi mini ƙarya.

Aiki aka yi mini. Kafin in dawo hayyacina mijina da yayansa sun naɗe yaron sun kai shi makwancinsa. Surukata ta ce gara haka. Ranar suna mijina ya raɗa wa yarinyar sunan da ake sa wa 'yan biyu, wasu suka ce bai kamata ba, ya ƙi canzawa.

Yanzu tana aji biyu. Bara ta dawo daga makaranta ta ce ƙawayenta na tambayar ina ɗan'uwan haihuwarta. Na zaunar da ita na gaya mata. Tana wasa da bakin hijabinta ta ce, "Umma, da wa yake kama?"

Na ce ban gan shi ba, ta bari babanta ya dawo ta tambaye shi.