Kallon da Rahila Ta Kama

Bana shekara ashirin da rasuwar Rahila. Cikin kaka ta tafi, shekarar da rijiyar gidanmu ta rufta. Sanina da ita kuwa tun shekarar da motoci suka koma bin hannun dama ne, lokacin ina goyon fari a Sabon Garin Gusau. Ban yi boko ba, jikata ce ke rubuta wannan, amma maganar tawa ce.

Rahila Bahaushiya ce Kirista, mutuniyar Tsafe, katanga ɗaya ta raba mu. Fensir ne sana'arta. In Kirsimeti ta matso, takan zana Maryamu rungume da jariri, a manna a cocinsu.

Ni kuwa kowa ya san ni da alkunyar ɗan fari. Ban taɓa kiran sunan ɗana ba, ban taɓa ɗaukarsa gaban mutane ba. Har yabona ake yi.

Wata hantsi tsakar gida ba kowa, na kwance goyo na ɗora shi a cinya, na zuba masa ido. Ashe Rahila na shanya, tana kallona ta saman katanga. Kwana uku sai ga ta da takarda. Maryamu ce, amma da zanen fuskata, da ɗaurin kallabina, da wannan kallo.

"Dije, na kama ki," ta ce tana dariya. "Ashe kina son abinki."

"Tona mini asiri za ki yi? Fita da shi!"

Ta fita da shi, ya shekara a bangon coci. Shekara biyu ban amsa gaisuwarta ba. Da muka shirya ta sake kawo mini, na sake ƙi. Girman kai rawanin tsiya.

Ɗan nawa ya girma, ya zama direba. Shekara shida ke nan ya ɗauki fasinja ya bi hanyar Tsafe, bai dawo ba, ko gawa ba mu gani ba. Matarsa ta ce ya taɓa tambayarta ko Inna ta taɓa kallonsa da ido biyu. Amsar tana kan takardar nan, ni na kore ta.

Rahila, da kina nan me za ki ce? Yanzu kowace yarinya na ɗaukar ɗan farinta hoto a waya tana sumbata, ba mai zunɗe. Na aika cocin, aka ce ɗigar rufi ta cinye tsofaffin takardu. Har yau in na ji ƙarar fensirin jikata a kan takarda sai na waiga katanga.

Cikin waɗanda suka ga zanen, mu biyu muka rage: ni da Ayuba ƙanen Rahila, yana Furfuri, ido ya tafi. Ni fuskata kawai na duba ran nan, don fushi. Na aika a tambaye shi yadda jaririn ya fito. Ya ce a gaya wa Dije, yaron ma ita yake kallo.