Takarkarin Inna Dije

A ƙauyenmu da ke Kara, in an idar da isha'i, kakata Inna Dije takan tura ragowar karan dawa cikin murhu, mu kewaye ta. Ni ta fi ja kusa, don tun ina shekara huɗu babana ya rasu. Direban babbar mota ne, barci ya sace shi a kan sitiyari gab da shiga Kabo. Ba a maganar a gidan, amma kowa ya sani.

Tatsuniyoyinta da yawa, sai dai akwai guda da ta maimaita har muka gaji. Wai wani mutum ne yake da takarkari, sa mai ɗaukar kaya. Duk ranar kasuwa in ya taso daga Durun sai ya haye, ya saki igiya, ya yi ta gyangyaɗi, san ya kai shi har ƙofar gida. Wata rana ana cikin tafiya sai sa ya coge. Mutumin ya farka cikin fushi, ya zuba masa sanda, san ya ƙi ɗaga ƙafa. Da ya sauko zai ja shi, sai ga wata makauniya zaune a tsakiyar turba, ta ɓace hanya. Taku ɗaya ya rage.

"To ku gaya mini," in ji Inna, "tsakanin mai sandan da san, wa ke da ido?"

Mu ce sa ne, mu bushe da dariya. Ita ba ta dariya. Sai ta juya tana kallon ƙofar gida, har wutar ta zama toka. A lokacin na ɗauka barci take ji.

Duk da roƙon da ta yi mini, ni ma direba na zama, don taurin kai gado ne a gidanmu. Na tsufa a hanyar Gwarzo zuwa Kano. Matata ta rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci, motar hayata ce ta rage mini abokiyar hira. Fasinja su cika ta da surutu da safe, in dawo gida shiru da yamma.

Idona ya fara hazo, na ɓoye wa kowa. Watan jiya a Kabo wata mai tallar nono ta tsallaka titi, ban gan ta ba sai da ta kurma ihu. Ƙwaryar ce ta fashe, ita Allah ya kare ta. Na dawo gida, ban gaya wa kowa ba sai maƙwabcina Malam Bitrus, malamin makaranta ɗan Filato.

Ya saurare ni, sannan ya ciro waya. "Baba, dubi abin da ake yi a ƙasashen waje."

Mota ce ke tafiya, kujerar direba ba kowa, sitiyari na juya kansa. Wani ya faɗo titi, ta tsaya cak. Na sa ya maimaita mini har sau uku.

"Takarkarin Inna ke nan," na ce.

"Wace Inna?"

Na miƙa masa wayarsa. A nan na gane abin da Inna take kallo a ƙofar gida. Ɗanta take so a ce irin san nan ya hau, wanda zai kawo shi gida ko da barci ya ɗauke shi.

Na tambayi Malam Bitrus yaushe irin motar za ta iso Gwarzo. Ya dubi ramukan titinmu da awakin da ke kwance a kai, ya ce, "Baba, sai dai jikoki."

Ina yi wa jikokin fatan su gan ta, da gaske nake. Amma ni ba ni da san da zai coge mini, kuma mai nonon gaba ba lallai ta yi ihu a kan lokaci ba. Washegari na kira ɗana ya zo ya tafi da motar. Da zai karɓi makullin sai da ya ɓamɓare yatsuna.

Yanzu da yamma nakan zauna a dakali ina jin ƙarar motoci. Jiya na kama kaina ina kallon ƙofar gida, alhali ba wanda nake jira.