Duwatsun da Na Jera a Gonar Yayan Mijina

Sai da na haye shekara arba'in na fara riƙe alƙalami, a ajin yaƙi da jahilci da aka buɗe mana ƙarƙashin rumfar zana a ƙauyenmu, kusa da Matankari. Wata rana mushen da ke koya mana, wato malaminmu, ya zo da wani ɗan littafi da aka tara maganganun mutanen dā a ciki: na Sin, na Indiya, na Larabawa, har da na Zabarmawa da Fulani da namu. Kowa da bakinsa, amma abu guda suke faɗa, wai duk abin da mutum ya aikata, sakamakon zai biyo shi har gida. Mata suka ce, "Gaskiya ce, wallahi." Ni kuwa na rufe kayena, littafin da nake rubutu a ciki, na ce, "Mushe, cikin masu maganar nan akwai wadda gonarta ke ƙasan ta wani?"

Aka yi dariya. Ni ban yi ba, don a lokacin shekarata uku ke nan ina kallon ruwa yana cin gonata.

Gamana ce, 'yar ƙaramar gonar mace, wadda mijina ya yanka mini tun yana raye. Da ya rasu, ita kaɗai ta rage mini da 'ya'ya huɗu. Gero, wake, 'yar gyaɗa a gefe. Sama da ita gonar yayan mijina take, sama da tasa kuma, a gindin dutse, akwai wani ɗan kurmi na gamba da sabara da geza, da tsamiya guda a tsakiya. Tun kakanni ba a sa wa wurin gatari. Tsofaffi sun ce doguwa ke zaune a tsamiyar, ko mai neman itacen girki ba ta karya reshe. Ni ban taɓa ganin doguwa ba, ba zan yi ƙarya ba. Abin da na gani da idona shi ne ruwa. In ya gangaro daga dutse da gudu, kurmin nan ke tare shi, sai ya fito a gajiye ya bazu cikin gonaki.

Yayan mijina ya dawo daga ci-rani wata shekara da sabon rawani da sabon baki, ya ce duk camfi ne, ƙasa mai kyau tana kwance a banza saboda tsoron iska. Uwarsa ta yi kuka, bai ji ba. Na tarar da shi yana tumɓuke gamba na ce, "Yaya, aje zancen doguwa gefe. Ruwan fa?"

Bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Ke, mi mace ta sani ga ruwa in ba na randa ba?"

Ya sare, ya ƙone, ya shuka gero.

Da damina ta kama, wata rana bayan la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi. Gonarsa shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan ya ratsa ta ya wuce kamar baƙo. A kan iyakarmu ne ƙasa ta gangara, to a nan ya sami abin da yake so. Da na isa, na tarar kori ya buɗe, rami mai zurfi har ƙuguna, ya raba gamanata biyu. Gyaɗata kuwa rairayi ya binne ta ƙurmus. Shi a shekarar ya ɗaure dammunan da bai taɓa ɗaurewa ba, don sabuwar ƙasa ce ya noma.

Na kai ƙara wurin mai gari. Ya ce gonar tasa ce, ruwa kuwa na Allah ne. Mata suka yi ta zuwa jaje suna cewa, "Ki bar shi, zai gani." Shekara ta zagayo bai gani ba. Ta sake zagayowa, ya ƙara rumbu. Ni ce nake gani, kowace damina korin ya ƙara faɗi, ni ce nake auna tsaba da ludayi. To wannan wane irin sakamako ne da ya san ƙofar gidana bai san tasa ba?

Duk wannan na zazzage wa mushe a gaban aji. Ɗan manoma ne shi ma, daga wajen Dumega. Ya ce, "Inna, kori da baya yake ci. Kullum bakinsa hawa yake yi sama. In aka bar shi, sai ya shiga gonar yayan mijinki ya yayyaga ta."

Mata suka rangaɗa guɗa. "To kin ji! Littafi bai yi ƙarya ba!"

Na ce, "Kafin ya kai can fa, tawa?"

Ya ce, "Taki ta daɗe da tafiya." Maganinsa guda ne, in ji shi: a jera duwatsu a bakin korin daga sama, a dasa gamba a bayansu. Bakin korin kuwa a lokacin ya riga ya shiga gonar yayan mijina da taku kaɗan.

Kwana da kwanaki ina tauna maganar nan. In zauna in jira abinsa ya same shi, in rasa gonar da marayu ke ci. Ko in ɗauki dutse a kaina in tare masa abin da ya jawo wa kansa. Wallahi na so in jira. Ba zan ɓoye ba, har na hango gonarsa a tsage ina jin daɗi. Amma 'ya'yana ba za su ci daɗin nan su ƙoshi ba.

Rani guda cur na yi ina ɗibar duwatsu daga gindin dutse da tsohon kwano, gammo ya cinye mini gashin tsakiyar kai. Ranar da yayan mijina ya same ni cikin gonarsa ya ce, "Wa ya ba ki iznin shigo min?"

Na ce, "Wanda ya ba ruwanka iznin shigo min, Yaya."

Ya tsaya ya dubi jerin duwatsun, ya dubi bakin korin, ya gane wa ake wa aiki. Ya gyara rawaninsa ya tafi. Tsakuwa guda bai ɗauka ba. Daga baya na ji a kasuwa yana gaya wa mutane wai mun gyara wurin. Mun! Shi da wa?

Korin ya tsaya. Rairayi ya yi ta cika ramin a hankali, har bana na cire gyaɗa a inda dā ruwa ke ruri. Kusan rabin abin da ya tafi ne ya dawo, sauran ya tafi ke nan. Gonarsa kuwa, ban da ɗan takun nan da korin ya shiga, ko ƙwarzane babu. Abin da tsofaffin duniya suka yi masa alkawari ya taso, yana hanya, ni na tare shi da kaina.

Gambar da na dasa ta yi tsawo yanzu ta fi ni. Da kakar nan ya aiko matarsa wai in bari a yanka masa kaɗan ya yi zana, tun da a gonarsa take. Na ce ta koma ta faɗa masa wurin yana da mai shi kamar dā, kuma wannan ba a tsamiya take ɓoye ba, ya san gidanta. Har yau bai zo da lauje ba.