Yayin Ruwa, Yayin Hwari

Ina ƙarama, a ƙauyenmu na gindin dutsi kusa da Ibohamane, da an ci tuwo sai mu kewaye wutar karan da Kaka Hajo ke jin ɗumi. Ita ta haihi babana. Gwiwoyinta na ciwon sanyi, mu matsa mata, ita ko ta ba mu tatsuniya.

Wata rana na hau dutsi neman itace, na tsinci katantanwa irin ta bakin tabki, amma ta zama dutsi. Ga ƴan'uwanta birjik manne a ƙasa. Na zaci ta aljannu ce, na taho da ita da gudu, ƙulle a bakin zane. Kaka ta juya ta gaban wuta, ta yi dariya.

"Ke dai akwai tsoro, Rabi. Aljani mi zai yi da katantanwa? Ruwa ya bar ta. Ku matso, ga wata tatsuniya nan tahe."

Ta ce tun ba a yi mutanen Adar ba, Allah Ya ba Ruwa da Hwari ƙasar nan su riƙa karɓa-karɓa, kamar makiyaya biyu a rijiya guda. In yayin Ruwa ya zo, sai ya hau har bisa duwatsu, kihi na yawo inda awakinmu ke kiwo. In ya tahi, Hwari ya shigo da rairayinsa, ya tara tuddai, ya binne gulabe. Kowane yayi ya hi ran itacen kuka tsawo, cikinsa kuma da ƙananan yayi, su mu ke gani. Mutanen yayin Ruwa sunka manta haƙar rijiya, Hwari ya ci su. Jikokinsu kuma sunka cinye irin dawar hwadama, wai ruwa ya tahi ke nan. Da ya komo, babu abin shukawa. Tsohuwa guda ta tsira da zuri'arta, don ba ta taɓa yarda ɗayansu ya tahi har abada ba.

Wana Isuhu ya ce, "Kaka, kin ci kihin?"

"Ungo naka! Ka ga na yi sa'a da dutsi? Matsa ƙahwa, raggon miji."

Shi ya sa ta ke aje tulu biyu, iri cikin toka, baki liƙe da laka: gero na tudu, dawa ta hwadama. Da anka yi min aure ta ba ni nawa biyun.

Bara waccan da bara, koramarmu ba ta kawo ruwa ba. Maigidana ya tahi cin rani, ya bar ni da ɗanmu Illo, ga yaye. Geron iri mun shuka, ya ƙone. Kullum da sahe in duba zaren layar Illo, ina ganin shina ƙara sakwarkwacewa a hannu. Maƙwabciyata Hadiza ta ce, "Hwasa tulun dawar nan ki yi mai kunu. Wace hwadama ki ke jira? Ta mutu."

Na hiddo tulun, na aje shi gindin turmi. Na daɗe tsaye da taɓarya. Sai na maida shi ɗaki, na hau dutsi tsinkar anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da a ke ci lokacin yunwa. In jiƙa ta, in yi ta canza ruwa har ɗacin ya hita, in ci, shi ko in sama mai tsaki wajen masu sa ni daka.

Bana korama ta kawo har ta tsallake gaɓa. Duk unguwarmu babu mai irin dawa sai ni. Na shuka, na ɗibar wa Hadiza a bakin zane, ba ta iya duba idona ba, ni ma haka.

Ba ni cewa na yi wayo. Da Illo bai tashi ba, ban san da bakin da zan ambaci Kaka ba. Amma ga shi can shina korar kaji, kumatu sun komo. Har yau in hadari ya yi jinkiri tsoro na kama ni, don ban san yayin da mu ke ciki ba, babba ko ƙarami. Abin da Kaka ta bar min, Allah Shi jiƙan ta, shi ne in na ji tsoron, hannuna ya san aikin da zai kama.