Laifina da Wietske Ta Ɗauka

Ni na riga kowa gane ko wace ce Wietske Boersma, kuma ba na son gardama. Ranar da ta fara shigowa ɗakin taronmu a birnin Groningen, rigar ruwanta na ɗiga, na ce wa na kusa da ni, "Wannan matar za ta hana mu sakewa." Ban yi makaranta ba. Ina ɗan sha huɗu na shiga jirgin kamun kifi, sau biyu teku ta yi niyyar haɗiye ni ta fasa, kwamfuta kuwa da furfurata na koya wa kaina. Amma ido, ina da shi.

Shekara ashirin da biyu, kullum da safe kafin ta hau keke zuwa wurin aikinta, Wietske kan zauna da kofi da burodi da cuku, ta buɗe duk abin da mu 'yan sa-kai muka turo wa manhajarmu, wadda ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya. Ba kyan aiki take dubawa ba, lasisi take dubawa, wato sharaɗin da mai aiki ya gindaya wa masu ɗaukar aikinsa. Namu cewa ya yi: ɗauki, yi yadda kake so, ka dai bar sunanmu. Na wasu kuma ya ce: in ka ɗauka, duk abin da ka gauraya da shi dole ka buɗe wa kowa. Namu yana iya shiga nasu, nasu ba ya shiga namu. Wannan ƙofar take tsaro, shi ya sa muke ce mata Kwastan.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa ba.

Shekara tara da suka wuce, ɓangaren na'urar buga takarda ya gagare ni. Ni Harm Kuipers, in ce na kasa? Sai na kwaso layi ɗari uku na rubutu daga manhajar masu wancan lasisin, na goge sanarwar lasisin da ke samansu, na sa sunana. A wurinmu mai yin haka korarsa ake yi, kuma ni ban da wannan ɗaki ba ni da kowa.

Saura kwana shida mu fitar da sabon zubin manhajar ta same ni a gida. Na zuba mata kofi, na miƙa mata biskit ɗaya, na rufe gwangwanin. Ta ajiye takarda mai layukan nan a gabana.

"Harm, wa ya rubuta wannan?"

"Ga sunana nan, ko tabarau kika manta?"

"Tsoho, aikinka na sani, kamar ragar da aka ɗinke cikin guguwa yake. Wannan ya fi ƙarfinka tsafta."

Na ture takardar gefe.

"Da ka ce ka kasa, da an taya ka," in ji ta, ta ɗauki hularta.

Washegari ta rubuta wa kowa cewa wani abu mai lasisin da bai dace ba ya shige, kuma ita ce ta yi sakacin dubawa. Duk wanda ya tambaya sai ta ce masa an yi kuskuren fayil ne, a bar maganar. Ta nemi mai aikin na asali ya yarda mu riƙe, ya ƙi, kuma haƙƙinsa ne. Sai ta zauna ta bayyana da kalmomi abin da ɓangaren zai yi, ta ba Ilse, wata 'yar ƙungiyarmu da ba ta taɓa ganin layukan ba, ta gina shi daga tushe don kada a ce kwafa aka yi. Wata biyar muka makara.

A taron Juma'a shugabanmu Jelle ya ce, "Kwastan ta yi barci, kaya sun wuce!" Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi. Tawa ta fi ta kowa ƙara. Ta dube ni sau ɗaya, ta ci gaba da cin burodinta.

Wietske, ke ce mai tsaron da ba a gode wa. Ke kika mayar wa baƙo haƙƙinsa, kika bar wa tsohon banza kujerarsa. Teku ba ta durƙusar da ni ba, wannan kallon naki ya yi. Ƙarshen watan nan za ki ajiye aiki, ba zan bari ki tafi da kayana a kanki ba. Na gode, ki yafe mini.

Ku matasa, wani ya karɓi wannan aikin, ya karanta saman kowane fayil yadda take yi, ko da za a yi masa dariya. Jelle, in korata za ka yi, ka san gidana.

Wanda kuma yake ganin ƙarya nake, tarihin manhajar a buɗe yake. Ya koma watan Maris na waccan shekara, ya jera layukan nan da na masu su, sannan ya zo ranar Juma'a ya kalli idona ya ce ba ni ba ne.