Ranar da Hajiya Dudu ta zauna a kan galan ɗin mai

Yau da safe ina rumfar facina sai ga motar kifi daga Lagdo ta shigo garejin Patron Sali tana baƙin hayaƙi, ƙanƙara na ɗiga ta ƙasa. Tiyon turbo, mai kai wa inji iska, shi ne ya sake fita. Tun da aka ƙara wa famfon man injinta ƙarfi haka take yi.

Direban, Malam Buba, ya ɗauko galan ɗin baƙin mai ya shafa a bakin bututu don tiyon ya shiga da sauƙi. Ya hau ɗaure kolye, ƙarfen nan da ke riƙe bakin tiyo, har jijiyar wuyansa ta fito.

Patron ya ce, "Buba, man nan ne ke fitar maka da shi. A wanke da sabulu, ya bushe, sannan a ɗaure. In inji ya yi zafi ka tsaya ka ƙara matsewa."

"Patron, kifi na ɗauko, ba siminti ba. Ina na ga lokacin shanya?"

Hajiya Dudu mai kifin ta sauko, ta karɓe galan ɗin ta zauna a kai.

"Wanke, ɗan nan. Gara kifina ya jira a inuwa da ya ruɓe a daji."

Aka wanke, aka jira. Da suka tafi na kasa kunne har suka sha kwana, ban ji fum ɗin fitar tiyo ba. Galan ɗin kuwa a rumfata ta bar shi, wai kada in ba Buba.

Direbobi, ku da me kuke sa naku tiyon? Hamadu mai shayi da Yaya Bello mai walda duk a gabansu aka yi.